Martani Ga Mai Cewa A Kai Gwajin CRP Kemis

Malam, na karanta rubutunka a kan furotin ɗin nan na cikin jini da likitoci ke kira CRP, kuma na ji daɗi da aka samu mai kawo irin wannan magana da Hausa. In na fahimce ka daidai, a kan abu uku ka tsaya. Na farko, wannan furotin yana gane bakteriya ya manne mata. Na biyu, tunda haka ne, duk wanda aka auna jininsa aka ga CRP ya hau, to bakteriya ce ke cinsa. Na uku, a raba kayan gwajin a kemis-kemis da ƙananan asibitocin karkara, wanda nasa ya hau a ba shi maganin kashe bakteriya, wanda nasa bai hau ba a ce ya tafi gida. Na farkon gaskiya ne, babu ja. Na biyun kuskure ne. Na ukun kuwa, da yake a kan na biyun ya jingina, yana iya sa a rasa rai, shi ya sa ban ga ya halatta in yi shiru ba.

Bari in fara da inda muka haɗu, don kada a ce ina raina wannan furotin. A shekarar 1930, a asibitin Cibiyar Rockefeller da ke Amurka, likitoci biyu, William Tillett da Thomas Francis, suna aiki a kan numokokas, bakteriyar da ta fi jawo limoniya. A lokacin fenisilin bai shigo asibiti ba, mai limoniya yawanci sai dai a yi jinyarsa a jira hukuncin Allah. Sun tatso wani sinadari daga jikin bakteriyar suka kira shi C, sai suka lura in an zuba shi cikin ruwan jinin majinyacin da ciwon ke kan ganiyarsa, wani abu yakan kama shi su dunƙule su kwanta a gindin kwalba. In majinyacin ya farfaɗo, zazzaɓi ya sauka, sai abin ya ɓace daga jininsa. Sai a 1941 Oswald Avery da abokan aikinsa suka tabbatar cewa furotin ne, kuma ba ya kamu sai da taimakon kalsiyam.

A yau an san siffarsa sarai. Gutsure biyar ne iri ɗaya suka haɗa kai suka yi zobe mai fuska biyu. Fuska ɗaya ita ke neman wani sinadari mai suna fosfokolin, wanda numokokas da wasu bakteriya ke ɗauke da shi a bayansu. Kowane gutsure da nasa gurbin kamu, don haka in ya samu wurin da fosfokolin ya jeru sai ya riƙe ta wuri biyar. Ɗaya fuskar tana kallon waje, ita ce mai kiran agaji: wani furotin mai suna C1q ya zo ya hau kanta, daga nan jerin wasu furotin na jini su tashi ɗaya bayan ɗaya su lulluɓe bakteriyar, fararen ƙwayoyin jini su gane ta su haɗiye. Duk wannan yana faruwa tun kafin jiki ya ƙera makaman da zai keɓe wa wannan cuta ita kaɗai, waɗanda ke ɗaukar kwanaki. An gwada a kan ɓeraye, waɗanda aka yi wa allurar CRP na mutum suka fi sauran tsira daga numokokas. Kuma har yau ba a ba da rahoton mutumin da aka haifa jikinsa ba ya yin CRP ba. Duk wanda ya tsaya ya yi nazarin wannan tsari dole ya jinjina wa hikimar Mahalicci, kuma a nan ba ni da abin da zan rage a maganarka.

Inda muka rabu ya fara daga shi kansa fosfokolin. Ka rubuta kamar bakteriya kaɗai ke da shi, alhali tantanin da ya lulluɓe kowace ƙwayar halitta ta jikinmu cike yake da shi. Muddin ƙwayar tana da lafiya, a shirye yake ta yadda CRP ba ya samun wurin kamu. Da ta ji rauni ko ta mutu sai ya fito fili, CRP ya manne mata kamar yadda yake manne wa numokokas, a zo a kwashe ta. Ke nan aikinsa biyu ne, tona asirin baƙuwar cuta da nuna inda naman jiki ya lalace. Sannan ba kowace bakteriya ce ke ɗauke da fosfokolin a bayanta ba. Akwai waɗanda ba su da shi, amma in sun shiga jini CRP yakan hau ƙwarai. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya tsaya ya tambaya: in ba kamun bakteriya ke sa shi hawa ba, to me ke sa shi?

Amsar tana hanta. A can ake yin CRP, ita kuwa hanta ba ta ganin bakteriyar da ke cikin huhu ko mafitsara. Saƙo take jira. Duk inda nama ya ji ciwo a jiki, ko mene ne sanadi, ƙwayoyin garkuwar da ke wurin suna sakin wasu sinadaran aike, babbansu a wannan sha'ani shi ne IL-6. Jini ya ɗauko shi ya kai hanta, hanta ta shiga aiki. A jinin mai lafiya CRP bai cika wuce miligiram 3 a lita ɗaya ba, kusan rabin mutane ma nasu bai kai 1 ba. In saƙo ya iso, cikin kamar awa 6 zai fara hawa, ya kai ƙololuwa wajen awa 48, kuma yana iya zarce miligiram 500. Akwai abin da Mark Pepys da abokan aikinsa a Landan suka auna suka wallafa a 1993, wanda ya kamata duk mai magana a kan wannan gwaji ya riƙe: rabin CRP ɗin da ke cikin jini yana ɓacewa duk bayan kamar awa 19, kuma wannan sauri ba ya canjawa, ko mutum lafiyarsa ƙalau ko yana kwance rai a hannun Allah. Ma'ana, lambar da ke kan takardar sakamako abu ɗaya take faɗa, wato yawan abin da hanta ke zubowa, shi kuma yana bin ƙarfin saƙon da ya iso mata. Injin gwaji ba ya ƙirga bakteriyar da CRP ya kama. CRP ɗin da ke yawo cikin jini yake aunawa.

Abin ya yi kama da 'yan sintirin unguwa. Sun san ɓarayin yankin, in sun ga ɗaya za su damƙe shi, wannan gaskiya ne. Amma abin da ke fito da su daga gida cikin dare ihu ne, kuma ihun gobara, da na katangar da ruwa ya kayar, da na ɓarawo, duka suna fito da su. Wanda ya leƙo ya ga sun cika layi ya san an yi ihu, ya san kuma abin ba ƙarami ba ne. Ko ɓarawo ne ko wuta, wannan sai ya je ya gani.

Annobar korona ta nuna haka ƙarara. Bairas ce ke jawo ta, amma masu tsananin ciwon CRP ɗinsu kan wuce 100. A babban gwajin magunguna na RECOVERY da aka yi a Birtaniya, sharaɗin shiga sashen maganin tocilizumab shi ne iskar oksijin ta yi ƙasa a jini, CRP kuma ya kai 75 ko fiye. Wato an yi amfani da hawansa ne don auna tsananin kumburi a ciwon da ba bakteriya ta jawo ba. Shi kuma tocilizumab aikinsa hana saƙon IL-6 isa inda aka aike shi, kuma likitocin da ke ba masu ciwon gaɓoɓi wannan magani sun san cewa wanda ke kansa yana iya kamuwa da mummunar bakteriya CRP ɗinsa na kwance bai motsa ba. Ga bairas da CRP a sama, ga bakteriya da CRP a ƙasa. Da maganarka ta biyu daidai ce, da ba a ga ko ɗaya daga cikinsu ba.

Sauran abubuwan da ke ɗaga shi babu bakteriya suna da yawa, ba sai na daɗe a kansu ba. Wanda aka yi wa babbar tiyata, a kwana na biyu ko na uku nasa kan wuce 100 ko da ɗinkin tsaf yake. Haka wanda ya ƙone, da wanda ya karye, da mai bugun zuciya, da mai ciwon daji, da mai jego a kwanakin farko bayan haihuwa. Ƙiba da shan sigari ma suna ɗan ɗaga shi.

Duk waɗannan da sauƙi a kan maleriya, wadda ban ga ka ambace ta ba, alhali da Hausa ka yi rubutu, kuma Nijeriya ita kaɗai ke ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da ita a duniya. Ƙwayar maleriya ba bakteriya ba ce. Tana shiga jajayen ƙwayoyin jini ta hayayyafa ta fasa su, garkuwar jiki ta tashi haiƙan, IL-6 ya kwarara, hanta ta amsa. CRP ɗin mai maleriya yakan hau har ya shiga inda ake tsammanin na mai bakteriya.

Ka ɗauki yammacin wata rana a watan Agusta. Ruwa ya ɗauke, layi ya yi caɓi, mata sun jeru a ƙofar kemis kowace da yaro a goye jikinsa zafi rau. Mai kemis ya soki yatsan yaro, ya ɗiga jini a kan abin gwajin da ka ce a raba, bayan 'yan mintoci ya nuna CRP ya hau. Bisa ƙa'idarka sai ya sauko da kwalbar amoksisilin, ya nuna wa uwar layin da za ta cika ruwa ya kai, ya ce cokali ɗaya sau uku a rana. Uwar ta kwance bakin zani ta biya, ta tafi hankali kwance tunda har jini aka gwada. Yaron nan maleriya ce ke cinsa, amoksisilin kuwa ba ruwansa da ƙwayar maleriya. Kwana biyu zuwa uku da za a yi ana ɗura masa maganin da bai dace ba sun isa su kai ƙaramin yaro ga jijjiga da suma da ƙarewar jini. Abin da ya fi damuna a nan shi ne gwajin ne ya kwantar wa uwar da hankali. Da babu shi, wataƙila da shakka ta kai ta asibiti tun a daren.

Za ka iya cewa ai sai a fara gwada maleriya. Da ka rubuta haka da ka rage ɓarna, amma ba ka gama da matsalar ba. In gwajin maleriya ya nuna akwai, hawan CRP ba ya da sauran abin faɗa game da bakteriya, tunda maleriyar ta isa ta ɗaga shi. Kuma yaro yana iya ɗaukar duka biyun a lokaci guda. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaron da ake zargin yana da maleriya mai tsanani, a ƙasashen da cutar ke da ƙarfi, a haɗa masa da maganin bakteriya har sai an tabbatar babu ita. Abin da ake dubawa a yanke wannan hukunci shi ne halin da yaron ke ciki: yana iya sha? yana amai da duk abin da ya shiga cikinsa? ya yi jijjiga? yana gane mutane? numfashinsa fa? Idon ma'aikacin lafiya da ya samu horo ne ke amsa waɗannan.

Ga kuma masu sikila, waɗanda babu ƙasar da ake haifarsu da yawa kamar Nijeriya. In ciwon ya tashi, jini ya toshe a ƙashi, nama ya rasa iska, CRP zai hau babu bakteriya ko ɗaya. A ɗaya gefen kuma su ne suka fi kowa haɗarin numokokas, domin saifarsu tana lalacewa tun suna ƙanana. Yaro mai sikila da zazzaɓi asibiti ake kai shi nan take, ko nawa gwajin ya nuna.

Akwai ma inda za ka yi daidai a kan bakteriya amma maganin ya zama cuta. Mutum ya yi mako uku yana tari, yana ramewa, yana zufa da dare, a gwada a ga CRP ya hau. Bakteriya ce kuwa, ta tarin fuka, wadda Nijeriya ta fi kowace ƙasar Afirka yawan masu ɗauke da ita. Amoksisilin ba ya mata komai. Sifro da danginsa kuma sun fi muni, domin suna ɗan danne ta, tari ya lafa, mutum ya ɗauka ya warke, ya koma cikin iyalinsa yana yaɗawa, ita kuma ƙwayar tana koyon jure magani. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da CRP wajen tace masu ɗauke da ƙanjamau don neman tarin fuka, da iyakar miligiram 5. Amma dubi abin da ta ce a yi wa wanda nasa ya wuce iyakar: a tura shi gwajin da ke gano ƙwayar tarin fuka ita kanta. Ba ta ce a ba shi magani a kan CRP ba.

Rabin shawararka na biyu, wato a sallami wanda nasa bai hau ba, ya fi na farko kusa da gaskiya, amma yadda ka sake shi babu sharaɗi akwai haɗari. Ka tuna sai an yi kamar awa 6 yake fara motsi. Sanƙarau yana iya kashe mutum cikin kwana ɗaya, tun hanta ba ta kai rabin aikinta ba. Yaron da ya tashi da ciwon kai da zazzaɓi da asuba, aka kawo shi da hantsi, CRP ɗinsa na iya fitowa ƙasa, a ce ya tafi gida. A jarirai sababbin haihuwa an san wannan sosai, har hukumar NICE ta Ingila ta ce in ana zargin cuta a jinin jariri a auna a farko, a sake aunawa bayan awa 18 zuwa 24, kuma ba a jiran sakamako kafin a fara magani. Mai tsananin ciwon hanta shi ma ba zai iya zubo CRP yadda ya kamata ba ko da bakteriya ta cika masa jini.

Na san abin da ya dame ka har ka yi wannan rubutu, kuma ni ma ya dame ni. Muna shan kafso kamar ba gobe, a mura, a gudawa, a ciwon kai. Binciken da aka wallafa a mujallar Lancet a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma yankin da abin ya fi ƙamari shi ne yammacin Afirka, da mutum 27.3 cikin kowane 100,000. A Tanzaniya an bi diddigin yara 1,005 masu zazzaɓi a Darussalam da Ifakara, sakamakon ya fito a 2014: kusan kashi 70 cikin ɗari ciwon bairas ne, masu ciwon bakteriya kashi 22 ne. Ke nan yawancin yaran da ake ɗura wa maganin bakteriya ba sa bukatarsa. Neman hanyar tace su abu ne mai kyau, kuma CRP yana da gurbi a ciki.

Sai dai a duba yadda aka yi amfani da shi a wuraren da ya yi amfani. A Holan, a binciken da aka wallafa a 2009, likitocin unguwa da aka ba gwajin sun rubuta maganin bakteriya ga kashi 31 cikin ɗari na masu tari, waɗanda ba a ba su ba suka rubuta wa kashi 53. A wannan binciken dai, wasu likitocin an koya musu yadda za su zauna su yi wa majinyaci bayani ya gamsu, su kuma suka rubuta wa kashi 27, a kan kashi 54 na waɗanda ba a koya wa ba. Wato magana mai kyau da majinyaci ta yi abin da gwajin ya yi. A Biyetnam, a 2016, cikin majinyata 2,037 masu mura da tari marasa tsanani, shan maganin ya sauka daga kashi 78 zuwa 64. A Tailan da Miyanma, a 2019, daga kashi 39 ya sauka zuwa 34 kawai. A dukkansu ma'aikacin lafiya ne ya fara duba majinyaci, an ware masu tsananin ciwo tun farko, kuma babu inda maleriya ke da ƙarfi irin namu. Ribar da aka samu daga sakamakon da ya fito ƙasa ta zo: likita ya duba ya ga babu alamar haɗari, gwaji ya ƙara masa ƙarfin gwiwa, ya ce wa majinyaci ba ka bukatar kafso, in abin ya ƙaru ka dawo. Ka ɗauki kayan da aka yi don hana magani ka mai da shi lasisin sayar da magani.

Ko a Ingila ba a raba sakamakon gida biyu yadda ka yi ba. Jagorar da NICE ta fitar a 2014 ta ce in likita ya duba mai tari ya kasa yanke hukunci, sai ya auna: ƙasa da 20 kada a ba da magani, sama da 100 a bayar, tsakanin 20 da 100 kuwa a rubuta amma a ce ya dakata sai in ciwon ya ƙaru. Wannan tsakiyar da ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, tana da faɗi, kuma mutane da yawa a cikinta suke faɗawa.

Nan ne zancen kayan aiki ya shigo, wanda mu ma'aikatan ɗakin gwaji muka fi gani. Gwajin CRP mai arha da ya fi yawa a ƙananan ɗakunan gwaji na kati ne. A juya jini a inji, a ɗebi ɗigon ruwan da ya taso sama a sa a cikin da'irar baƙin kati, a ƙara ɗigon farin ruwan gwaji, a gauraya da ɗan tsinke, a riƙa karkata katin a hankali na minti biyu ƙarƙashin haske. In fararen ɗigo-ɗigo sun bayyana sai a rubuta akwai. Iyakarsa yawanci miligiram 6 ce. Wanda nasa yake 8 saboda mura da wanda nasa yake 250 saboda limoniya, abu ɗaya za a rubuta musu. In ana son lamba sai an sirka ruwan jinin an ninka, an sake, a ga ko 12 ne, ko 24, ko 48, ko 96, kowane mataki da ɗigon ruwan gwajin da zai ci, kuma a ranar da layi ya yi tsawo ba kowa ke yi ba. In katin ya wuce minti biyu ya fara bushewa, yana iya nuna dunƙulewar ƙarya. Ruwan gwajin kuma firji yake so. Akwai na zamani da ke aiki da jinin yatsa su ba da lamba ko su nuna mataki-mataki, amma ba ka faɗi wanne kake nufi ba, ba ka faɗi iyakar da za a bi ba, kuma kasuwa mai arha za ta ɗauka.

Mun riga mun ga ƙarshen irin wannan hanya har sau biyu. Na farko, gwajin taifot na Widal tun 1896 yake, kuma an daɗe da sanin cewa aunawa sau ɗaya a ƙasar da taifot ya zama ruwan dare ba ya tabbatar da komai, mai maleriya ma yana iya nuna akwai. Duk da haka kullum ana miƙa wa mutane takarda an rubuta taifot da maleriya, su wuce su sayi sifro. Na biyu shi ne gwajin maleriya na yatsa, wanda shi gwaji ne mai kyau. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a ba da maganin maleriya, kuma hakan ya rage ɓarnar maganin. Amma da aka tattara bayanan majinyata fiye da rabin miliyan aka wallafa a 2017, sai aka ga kashi 69 cikin ɗari na waɗanda gwajin ya nuna ba su da maleriya an ba su maganin bakteriya, a kan kashi 40 na waɗanda suke da ita. Ma'aikaci ba ya son ya sallami majinyaci hannu rabbana, majinyaci ma ba ya so. In haka ta faru a asibitoci, yaya ke nan a shagon da cinikin ranar ya dogara da abin da aka sayar? Ban ce masu kemis mugaye ba ne, a garuruwa da yawa su ne kaɗai ke buɗe da dare, kuma mutane na jin daɗinsu. Amma gwajin da ke fitowa akwai a yawancin masu zazzaɓin damina, in ka ɗora shi a kan kantar da maganin ke jere a bayanta, sayar da kafso zai ƙaru, kuma yanzu da takardar shaida.

Abin da zan goyi baya shi ne a sa gwajin mai ba da lamba a hannun ma'aikacin lafiyar da aka horar, a asibitin matakin farko, kuma ya zo a ƙarshen layi. A fara duba alamun haɗari, mai su a tura shi babban asibiti ba tare da jiran komai ba. A gwada maleriya. A tambayi kwana nawa ciwon ya yi, domin wanda ya fara ɗazu sakamakonsa ba abin dogaro ba ne. Mai tari na mako biyu a kai majinarsa gwajin tarin fuka. Wanda ya rage bayan wannan tacewa, mai zazzaɓi ko tari marar tsanani, babu maleriya, shi ne CRP zai amfana: in ya fito ƙasa a yi masa bayani, a ba shi farasitamol, a faɗa masa alamun da in ya gani ya dawo ko cikin dare ne. In ya fito sama sosai a sake duba shi da kyau a nemo inda ciwon yake, huhu ne, fitsari ne, kunne ne, ko ƙurji, domin kowanne da maganinsa. A kan gadon asibiti kuma yana da wani amfanin da ba ka taɓo ba: tunda rabinsa na ɓacewa cikin awa 19, in magani ya kama za a ga lambar tana sauka kwana bayan kwana, in ta ƙi sauka likita ya san da sauran aiki.

Roƙona gare ka, Malam, ka sake rubutu ka janye shawarar kemis ɗin nan a fili, domin masu karatu suna ɗaukar hoton shafi a waya su nuna wa mai shago, kuma maganar da aka buga tana da nauyi a wurinsu. In kana son ka matsa wa hukumomi lamba a kan CRP, ka matsa musu su sa asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, da takwarorinsu na Nijar, su auna shi a jinin masu zazzaɓinmu, damina da rani, tare da gwajin maleriya da shukar jini don gano bakteriya, yara daban, manya daban, masu sikila da masu tamowa daban, a fitar da iyakar da ta dace da mu kafin a sayo kwali ɗaya a raba.